Wotafol ko Ajayil: wacce hanya zan bi in yi wa Alhajin Mile 12 manhaja?

"Salam Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne, kwamfuta nake karanta a nan Legas, ina zaune a Agege. A darasin nazari da tsara sistem an koya mana hanyoyin gina manhaja, wato Wotafol, Sifiral, samfuri, Ajayil da sauransu, malaminmu ya ce mu kwatanta su, amma duk inda na karanta magana ɗaya ce, amfani da illa, amfani da illa. Duk wanda na tambaya a Yaba, unguwar masu harkar manhaja, kuma sai ya ce min Wotafol ta mutu, Ajayil ake yayi. Ga shi yanzu wani Alhaji dillalin kayan gwari a Mile 12, abokin kawuna ne, ya ce in yi masa manhajar da za ta riƙe masa lissafin kaya da bashi da la'ada. Mu biyu ne, ni da abokina. Don Allah wacce ta fi, kuma wacce zan bi?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi albarka. In na fahimce ka tambaya biyu ka zuba a kwano ɗaya. Ta farko ta malaminka ce, wato mene ne bambancin waɗannan hanyoyin. Ta biyu ta aljihunka ce da mutuncin kawunka, wacce za ka bi kada aikin Alhaji ya zame maka alaƙaƙai. Ta biyun zan fi zama a kanta, domin in ka gane ta to ta farkon ma ka ci. Na fi shekara goma ina wannan aikin a garin nan, yawanci manhajojin 'yan kasuwa da na masu jigilar kaya, kuma in aka kawo min sabon aiki ba na fara tunanin sunan hanya. Abu biyu nake dubawa: wane ɓangare na aikin ne har yanzu yake cikin duhu, sannan wa ke da ikon cewa e ko a'a, kuma sau nawa zan iya ganinsa ido da ido. Amsar waɗannan biyun ita ke zaɓar min hanya.

Aikin ɗaya ne, jerin ne ya bambanta

Kowace manhaja a duniya sai ta bi ta matakan nan da aka koya muku: a duba ko aikin mai yiwuwa ne, a tattara buƙatun mai aiki a nazarce su, a zana tsari, a rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, a gwada, a ɗora mutane su fara aiki da ita, sannan a ci gaba da kula da ita. Babu hanyar da ta soke ko ɗaya daga cikinsu. Wanda ya ce maka a Ajayil ba a nazari ba a zane, ko dai bai gane ba ko kuma yana neman uzurin lalaci. Bambancin kawai shi ne sau nawa ake bi ta matakan, da girman lomar da ake ɗauka a kowane zagaye, da lokacin da mai aiki zai fara ganin abu da idonsa.

Ka ɗauki tela. Wani zai auna ka sau ɗaya, ya rubuta a littafi, ya ce ka dawo jajibirin Sallah. In awon daidai ne kuma ba ka canza ra'ayi ba, shikenan ka huta shi ma ya huta. In kuwa wuyan rigar bai yi ba, to da ita za ka je Idi. Wani telan kuma zai harhaɗa ta sama-sama ya ce zo ka gwada, ya rage nan ya ƙara can, amma fa sai kana da lokacin zuwa shagonsa sau uku. Na farkon shi ne Wotafol, na biyun dangin Ajayil ne, kuma ka lura na biyun ba ya aiki in kai ba ka zuwa.

Wotafol da inda ta samo asali

Sunan daga ruwan da ke gangarowa daga kan dutse aka ɗauko shi, mataki ya ƙare a sa hannu a gangara na gaba, ba komawa sama. A shekarun 1960 manyan ayyukan manhaja sun yi ta wuce wa'adi suna cinye kuɗi, har ƙungiyar NATO ta kira taro a Garmisch ta ƙasar Jamus a 1968 don a tattauna yadda za a mayar da rubuta manhaja aikin injiniya mai ƙa'ida. A 1970 Winston Royce, wanda ya yi aikin manhajojin harkar kumbo a Amurka, ya fitar da maƙalar da ake jingina wa Wotafol. Abin dariyar shi ne shi kansa bai kira ta da wannan sunan ba, kuma da ya zana matakan a jere sai ya ce bin su haka kai tsaye akwai haɗari, domin gwaji yana zuwa a ƙarshe, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada. Har shawara ya bayar a yi aikin sau biyu, na farko don a koyi darasi. Mutane suka ɗauki hoton suka bar gargaɗin.

Dalilin da ta kafu ba wani ɓoyayye ba ne, hukumomi suna son ta. Ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da ƙa'idar DOD-STD-2167 a 1985 wadda 'yan kwangila suka riƙa bi a matsayin mataki bayan mataki, gwamnatin Birtaniya kuma a farkon shekarun 1980 ta kawo SSADM, mai cike da zanen yadda bayanai ke gudana da zanen alaƙar bayanai, irin waɗanda kuke zanawa a aji yanzu. Mai biyan kuɗi yana son takarda da zai riƙe, da farashi, da ranar gamawa, da wanda zai kama in abu ya lalace. Wotafol tana ba shi duka huɗun.

Kuma kada ka raina ta. In buƙatu a rubuce suke tun asali, kamar lissafin albashi da haraji wanda doka ta riga ta faɗi yadda za a cire, ko haɗa manhaja da banki inda su ne za su ba ka takardar ƙa'idojinsu ka bi ko ka bari, to zama a gama nazari a zana komai kafin a taɓa kod shi ne hankali. Haka in manhajar za ta shiga cikin na'urar da ba a iya kiranta a gyara bayan an sayar.

Inda take kayar da mutum kuwa, bari in ba ka abin da ya faru da ni. Wani kamfanin tireloli a wajen Apapa, masu ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa Arewa, suka ba mu aiki. Muka zauna da manaja a ofis mai sanyi, muka rubuta takardar buƙatu mai kauri, aka sa hannu, kowa ya ji daɗi. A zanen rumbun bayananmu lodi ɗaya yana da mota ɗaya da direba ɗaya, haka manaja ya ce, mu ma muka ga ai a fili yake. Watanni muka yi muna rubutu. Ranar da muka kawo ta gareji don gwaji, wani dattijon akawu mai rubuta takardar lodi ya sa tabarau ya kalli allon, ya ce, to yara, in mota ta lalace a Mokwa aka yi juye zuwa wata motar, ina zan rubuta? Muka kalli juna. Ya ce kuma wani lokacin lodin kashi biyu ake raba shi, kuɗin hanya ma ba a ba direba gaba ɗaya, ana tura masa ne a hanya. Wallahi tambaya ɗaya ce ta rushe mana ginshiƙi, domin lissafin kuɗin direba da rahoton riba da rasit duk a kan wannan zaton muka ɗora su. Manaja bai yi mana ƙarya ba, shi juye ba ya zuwa teburinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuma ba mai ɗakin muka tambaya ba, mai gidan haya muka tambaya. Da mun nuna wa dattijon nan ko da zane a takarda a satin farko, da kuɗin gyaran bai wuce na biro ba.

Sifiral da samfuri

Waɗannan biyun duk ƙoƙarin toshe wannan ramin ne. Barry Boehm ya kawo Sifiral a 1986, ana zagayawa kamar gidan dodon koɗi, kuma a kowane zagaye tambayar farko ita ce mene ne abin da ya fi iya kashe aikin nan, sai a fara da shi. A cikakkiyar siffarta ta manyan ayyuka ce masu tsada, ku biyu ba za ku iya ɗawainiyarta ba, amma tambayar tata kyauta ce, ka ɗauke ta ka sa a aljihu.

Samfuri kuwa shi ne ka yi abin gani da sauri ka nuna, gani ya kori ji. James Martin ya faɗaɗa wannan tunanin a 1991 da abin da ake kira RAD, wato gina manhaja cikin hanzari tare da masu amfani da ita. Illarsa a kasuwarmu guda ɗaya ce kuma na sha ta: ka nuna wa mai kuɗi allo mai kyau da maɓallai, a wurinsa aiki ya ƙare, gobe zai ce a ɗora masa a waya, ba zai yarda cewa bayan allon fanko ne ba. Shi ya sa na koma zana samfurin farko da biro a takarda, ba wanda zai ce a ɗora masa takarda.

Ajayil, da abin da 'yan Yaba ba su faɗa maka ba

A watan Fabrairun 2001 mutum 17 suka haɗu a Snowbird ta jihar Utah a Amurka suka fitar da gajeriyar sanarwa. Ma'anarta dai: sun fi ba mutane da mu'amalarsu muhimmanci a kan tsari da kayan aiki, manhaja mai aiki a kan tulin takardu, haɗa kai da mai aiki a kan jayayyar kwangila, da karɓar canji a kan manne wa shiri. Suka kuma ƙara da cewa na biyun ma suna da daraja, na farkon ne dai suka fi. Wannan ƙarin shi ne mutane ke tsallakewa.

Ajayil laima ce, a ƙarƙashinta akwai hanyoyi, kuma wasu sun girme ta. Sikiram, wadda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, sunanta daga wasan rugbi aka aro. Ana yanka aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba, yawanci sati biyu ake yi, kuma a ƙarshensa dole a nuna abu mai aiki. Akwai jerin ayyuka da aka jera bisa muhimmanci, akwai tsayuwar minti 15 kullum, tawaga kuma yawanci ba ta wuce mutum 10. Akwai mutum ɗaya da ni nake kira mai kaya, shi ke da ikon cewa wannan za a fara yi, wancan ya jira. Wata hanyar kuma ita ce XP (Extreme Programming) ta Kent Beck, wadda ta fito daga aikin manhajar albashi a kamfanin Chrysler a 1996, ta fi kula da sana'ar kanta: a rubuta gwaji kafin kod, mutum biyu su zauna a kwamfuta ɗaya, a riƙa haɗa aiki akai-akai. Kanban kuma daga masana'antar Toyota a Japan aka aro ta, allo ne da katuna, abin da za a yi, abin da ake yi, abin da aka gama, da doka ɗaya mai ƙarfi: a iyakance yawan abin da ake yi a lokaci guda.

Tana aiki kuwa, ba musu. Hukumar FBI ta Amurka ta yi watsi da manhajarta ta Virtual Case File a 2005 bayan an kashe kusan dala miliyan 170, wadda ta gaje ta mai suna Sentinel ita ma ta yi ta jan ƙafa, sai a 2010 suka dawo da aikin cikin gida da ƙaramar tawaga suka koma zango-zango, aka kammala a 2012. Amma ka lura ba hanya kaɗai suka canza ba, sun rage mutane, kuma masu yanke hukunci sun matso kusa da masu rubutu.

Nan ne maganar take. Abokanka na Yaba gaskiya suka faɗa game da duniyarsu. Kamfani irin Paystack ko Flutterwave, masu manhajar biyan kuɗi ta intanet, kayansa yake ginawa, mai kaya ma'aikacin kamfanin ne, albashi ake biyan masu kod, ba ranar da za a ce aiki ya ƙare a tashi. A irin wannan gidan Ajayil kamar kifi ne a ruwa. Kai kuma ɗan kwangila ne, mai kayanka yana Mile 12 tun kafin asuba yana fama da motocin tumatir, wayarsa uku duk suna ƙara.

Na taɓa shan wannan ma. Wani ɗan kasuwa mai shaguna da yawa, muka ce masa zango-zango za mu yi, ya ce madalla. Zango na farko ya zo. Daga nan sai ya riƙa turo ɗan ƙaninsa, yaro mai hankali amma ba shi da ikon komai. Yaron ya ce a yi kaza, mu yi, bayan wata biyu mai gida ya leƙo ya ce wa ya ce a yi haka. Ga babban yaron shago shi ma yana turo saƙon murya a WhatsApp da tsakar dare da nasa buƙatun. Farashi kuma ɗaya muka yanke tun farko, don haka duk canji daga aljihunmu yake fita, ga kuɗin mota ga gosulon hanyar Ikorodu. Mun gudu daga gara mun faɗa gidan zago. Muna tsayuwar safe, muna da allo da katuna, duk kayan adon Ajayil sun cika, amma babu mai kaya, kuma babu takardar da za mu nuna mu ce ga abin da muka yi alkawari.

Yadda ake biyan kuɗi shi ma hanya ce

Littattafai ba sa son wannan maganar amma ita ce rabin gaskiya. In aka yanke farashi ɗaya da rana ɗaya, an riga an tura ka wajen Wotafol ko kana so ko ba ka so, domin ba za ka iya yanke farashin abin da ba a fayyace ba. Shi ya sa ayyukan gwamnati da ke bi ta dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 suke zuwa da takardar buƙatu tun kafin a ba da kwangila, a biya kuma bisa matakin da aka kammala. Abin da ƙwararru da yawa ke yi shi ne a waje kwangila mai matakai, a ciki kuma tawaga tana aiki zango-zango. Ba wanda ya saɓa wa addini don ya gauraya.

To a aikin Alhaji fa?

Ga yadda zan yi in ni ne. Ka raba aikin gida biyu a ranka: abin da in an gina shi canza shi sai an fasa, da abin da canza shi kamar sake fenti ne. Tsarin rumbun bayanai da ƙa'idar lissafin kuɗi su ne harsashi da dekin, a nan ka zama ɗan Wotafol, ka nutsu ka gama nazari. Allo da rahoto da launi da jerin maɓallai fenti ne, a nan ka zama ɗan Ajayil.

Sati biyun farko kada ku buɗe kwamfuta. Ku je kasuwa lokacin da motoci ke sauke kaya, zuwa da kai ya fi aike. Ka zauna kusa da wanda ke riƙe da littafi, shi ne dattijon akawunka, ka roƙi a bar ka ka duba tsofaffin shafuka, musamman inda aka soke rubutu ko aka yi ƙari a gefe, domin nan ne juyen wannan kasuwar yake ɓoye. Ka tambaya: mota ɗaya daga Kano ko Zariya kayan mutum ɗaya ne a ciki ko na mutane da yawa, kuma yaya ake gane na wane ne? La'ada a kan kwando ake cirewa ko a kan kuɗin da aka sayar? Kuɗin mota da na 'yan dako wa ke biya, kafin la'ada ake cirewa ko bayanta? Kwandon da aka sayar da safe da wanda ya kai yamma ya fara laushi ai ba farashi ɗaya ba, asarar wa ke ɗauka? Kwando da kiret da buhu yaya ake rubuta su? Matar da ta ɗauki kwando biyar bashi ta kawo rabi tsaba, rabi ta yi tiransifa daga asusun ɗanta, yaya ake gane nata ne? Daga amsoshin nan za ka zana alaƙar bayananka, ka koma ka karanta wa mai littafin da Hausa, ba da zanen akwatuna ba, ka ce masa in mota ta zo da kayan mutum uku ga yadda zan rubuta, daidai ne?

Sannan tambayar Boehm: me zai fi saurin kashe aikin nan? A ganina ba kod ba ne. Na ɗaya netwok a cikin kasuwa da cajin waya, don haka tun yanzu ka yanke cewa manhajar za ta yi aiki ba intanet ta tura bayanai daga baya, wannan ba abin da ake liƙawa a ƙarshe ba ne. Na biyu ko yaran Alhaji za su yarda su yi amfani da ita, mutumin da ke ciniki da mutum biyar a lokaci guda ba zai cika gurabe goma a allo ba, kuma ka sani wani ba ya son lissafi ya fito fili, dalilinsa nasa ne. Ka gwada waɗannan biyun da wuri.

Bayan nan ka rubuta takarda gajeriya, shafi uku ko huɗu, abin da za a yi da abin da ba za a yi ba, na biyun ya fi na farkon amfani. Ka karanta wa Alhaji a gaban kawunka. Kuɗi kuma a raba shi bisa kashi-kashi: kashin farko littafin bashi kaɗai, wa ake bi, nawa, yaushe ya biya. Na zaɓe shi ne don shi ne ya fi ci wa dillali tuwo a ƙwarya, in ya ga amfaninsa a wata na farko zai ba ka lokacinsa a sauran. Kashi na biyu shigowar kaya da masu su, na uku la'ada da lissafin da ake tura wa masu kaya a Arewa. Kowane kashi da kuɗinsa, in an karɓa a biya kafin a shiga na gaba. In ya zo da sabon abu a tsakiya, kuma zai zo, kada ka ce a'a kada ka ce to. Ka ce Alhaji za a yi in sha Allahu, amma wanne za mu ɗaga zuwa gaba ya ba shi wuri, ko kuwa a sa shi a sabon kashi da nasa kuɗin?

Ku biyu ba kwa buƙatar cikakkiyar Sikiram da muƙamanta da tarukanta, zai zama kamar limami da ladan ba mamu. Allon Kanban ya ishe ku, ko a manhajar Trello mai allo da katuna ko a bangon ɗakinku a Agege, kowa kati ɗaya a hannu sai ya gama. Daga XP ku ari abu ɗaya: duk inda ake lissafin kuɗi ku rubuta gwaji tukuna, kuma misalan gwajin ku ɗauko su daga ainihin littafin Alhaji, in manhaja ta ba da abin da biro ya bayar to kun yi daidai. Duk sati biyu ku nuna abu mai aiki. Ranar ɗorawa kuma kada a jefar da littafi, a tafi da su tare na 'yan makonni ana kwatantawa kullum da yamma, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma tunda sunayen mutane da lambobin wayarsu da bashinsu za ka adana, dokar kare bayanai ta 2023 ta shafe ku, ka sa kalmar sirri, kowane yaro ya ga iya abin da ya shafe shi, ka kuma tanadi inda ake kwafe bayanan don ranar da waya za ta faɗa kwata.

Iyakar shawarata ke nan fa, ta ƙananan tawaga ce da manhajar kasuwanci, inda kuskure kuɗi yake ci ba rai ba. Manhajar na'urar asibiti ko ta jirgin sama wata duniya ce mai tsauraran ƙa'idoji da takardu, kada ka ɗauki wannan ka kai can. Kuma kai ka san Alhajinka, ni daga bakinka na ji shi.

A takardar malaminka, maimakon jera amfani da illa, ka ɗauki ma'auni kaɗan ka ɗora kowace hanya a kai: yadda buƙatu suka fito fili tun farko, tsadar canji, samuwar mai aiki, girman tawaga, illar kuskure, da yadda ake biya. Ka kawo aikin Mile 12 a matsayin misali, zai fi duk abin da za ka kwafo.

Kafin komai dai, in ka je wurin Alhaji ka gaishe shi, tambayar farko ita ce: Alhaji, in na zo da tambaya ba ka nan, wa zan tambaya wanda maganarsa maganarka ce? In ya nuna maka mutum ya kuma faɗa a gabansa, ku fara zango-zango. In ya ce kai dai je ka yi, na yarda da kai, to ka ƙara wa takardar nan shafi, ka rage girman kashin farko, kuma kada ka rubuta layi ɗaya na kod sai ya saurari takardar daga farko har ƙarshe a gaban kawunka.